Kafireta huɗu a kan tabarma: yadda na farfaɗo da tsohon CBR ɗina

Mashin ɗina Honda CBR600F3 ne ƙirar 1997, ɗan Kwatano, a hannun wani mutum na saye shi a Kaduna na ɗoro shi a akori-kura har Kano. Silinda huɗu ne a jere, siisii 599, kafireta huɗu na Keihin masu faɗin milimita 36. Irinsa Honda tayi su ne daga 1995 zuwa 1998, daga nan F4 ya fito shi ma da kafireta, sai a 2001 suka koma injekta da F4i, kaga kenan nawa yana cikin na ƙarshe-ƙarshe da mutum zai iya zama da sukundireba ya daidaita masa shan mai da hannunsa ba sai an jona kwamfuta ba. Wannan ɗin ne ma yasa nake sonsa wallahi.

To bayan an cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023 sai na ajiye shi, don gaskiya tankin lita 17 ba wasa bane ga mai albashi, na koma hawa ƙaramin Boxer ɗina zuwa wajen aiki. Nace wata ɗaya ko biyu zan ajiye shi, sai ga shi ya shekara da wata biyu a soro lulluɓe da tamfol, kuma da sauran mai a tanki da cikin kwanukan kafireta na ajiye shi, ban zubar ba. Ranar da na sa sabon batir na danna sitata ya daɗe yana juyi kafin ya kama, kuma sai da cok a ja gaba ɗaya, ina sakin cok ɗin ya mutu, in na murɗa totur kaɗan sai yayi wani irin shaƙewa kamar mai tari ya mutu. Can kuma sai naji warin fetur, na leƙa ƙasa naga mai yana ɗiga daga tsakanin injin. Raina ya ɓaci sosai ranar.

Na fara kai shi wani gareji na masu gyaran ƙananan babura a unguwarmu. Yaran suna da ƙoƙari a kan abin da suka saba, Boxer da Jincheng da roba-roba, kafireta ɗaya ce a minti goma sun kwance sun wanke sun mayar. Amma da suka ga huɗu a haɗe sai shawara ta rabu, wani yace a buɗe jet, wato ɗan ramin da mai ke bi, da allurar ɗinki mai ya riƙa wucewa sosai, wani yace a cire akwatin iska gaba ɗaya injin ya sha iska. Na gode musu na turo abina gida. Wanda ya dawo da ni kan hanya wani dattijo ne maƙwabcinmu, tsohon bakanike, shekara da shekaru yana gyaran Fijo 504 tun zamanin da ake haɗa ta a Kaduna, kafiretar Solex kuwa ko da ido a rufe zai kwance ta ya haɗa. Bai taɓa taɓa fawa baik ba amma da na ba shi labari cewa yayi, ɗana, mashin ɗin nan da ka ajiye shi lafiya ƙalau yake tashi? Nace eh Baba. Yace to jet bai ƙanƙance a soro ba, datti ne, kada ka bari kowa ya sa masa allura, je ka wanke shi ka mayar da komai yadda masu shi suka yi shi sannan mu saurare shi.

Ranar Asabar bayan sallar asuba na shimfiɗa tsohuwar tabarma a soro na ɗora farin buhu a kai saboda duk abin da ya faɗi in gan shi. Fitar da kafiretar kanta aiki ne. Sai ka cire kujera, ka cire tanki, ka cire akwatin iska, sannan wayoyin totur guda biyu, na ja da na mayarwa, da wayar cok, da soket ɗin sansar totur da ke gefe, ita sansar kada ma ka kwance ta daga jikinta, soket ɗin kawai zaka zare. Kafin in cire kowane tiyo sai da na ɗauki hoto da waya, kuma na liƙa salatif na rubuta lamba, don F3 yana da tsarin da iskar gaba ke shiga ta hanci in kana gudu, kuma akwai tiyoyin da ke kai wannan iskar har cikin kwanukan mai don matsin ya zama ɗaya, in ka juya su ko ka bar ɗaya a sake mashin zai yi sulo lafiya lau a gida amma kana hawa titi ka kama gudu zai fara shaƙewa kayi ta neman laifin jet alhali tiyo ne. Robobin da suka riƙe kafiretar a kan injin sun ƙandare kamar ƙashi, sai da na sa tsumma a ruwan zafi na naɗe su na ɗan lokaci sannan na riƙa girgiza ta gaba da baya har ta fito.

Wani abu da nake so duk mai tsohon mashin ɗin Japan ya sani shi ne sukurorin nan masu kan gicciye ba irin na kasuwa bane, nasu tsarin daban ne ana ce masa JIS, wasu zaka ga ɗan ɗigo a gefen gicciyen. Sukundireban da muka saba da shi yana zamewa ya cinye kan sukurun. Nawa ma na tarar wanda ya riga ni ya cinye guda uku a kwanukan ƙasa, sai da na kama su da filaya mai kullewa. Na je Kofar Ruwa na samo masu kan alanki daidai tsawonsu na canza duka goma sha biyun... har da na murfin sama daga baya.

Da na buɗe kwano na farko warin da ya bugo ni ba na fetur bane, wani wari ne kamar na tsohon fenti. Man ya bushe ya bar wani abu kore-kore mai danƙo, ƙasan kwanon kuma da jan gari, tsatsar tanki kenan. Haka fetur yake in ya daɗe, masu sauƙin cikinsa su tashi su bar danƙo, ga zafin Kano da ke ƙara masa sauri. Kuma mu faɗi gaskiya man da muke sha ma ba ko yaushe yake da tsabta ba, wanda ya sha wahalar gurɓataccen man nan mai yawan metanol na watan Fabrairun 2022 ya san abin da nake faɗa, balle na 'yan bunburutu da ake zubawa daga galan ta mazurari da ƙura da komai.

Na samu kwanon silba huɗu na rubuta 1, 2, 3, 4, kayan kowace kafireta a kwanonta. Wannan ba tsirfa bace, a mashin ɗin nan babban jet na silinda biyun tsakiya lambarsa ta ɗan fi ta na gefe, saboda na tsakiya sun fi ɗaukar zafi ana ƙara musu mai kaɗan, in ka zube su wuri ɗaya ka cakuɗa ka jawo wa kanka aiki. Kuma ban raba kafiretocin daga jikin juna ba, a haɗe na bar su, don raba su sai in robobin bututun mai da ke tsakaninsu suna yoyo, nawa kuwa basa yi.

Bari in ɗan tsaya a kan yadda abin yake aiki don sai da na fahimci wannan sannan na daina tsoronta. Iska na wucewa ta maƙogwaron kafireta, wajen da ya tsuke sai tayi sauri, saurin ya sa matsinta ya ragu, shi ne yake zuƙo mai daga kwano ta cikin jet. Amma ba hanya ɗaya man yake bi ba. In mashin yana sulo ko ka ɗan taɓa totur kaɗan, ƙaramin jet ne da sukurun sulo suke ciyar da shi. Daga wajen kwata zuwa kashi uku cikin huɗu na totur allura ce mai iko, tana da tsini, tana ɗagawa tana ƙara buɗe hanya. In ka murɗe shi ƙarshe sai babban jet. Ita kuma irin wannan kafiretar totur ɗinka ba shi ke ɗaga allurar kai tsaye ba, faifan ciki kawai yake buɗewa, zuƙar injin ce take ɗaga silaid ta hanyar wata siririyar roba mai kama da hula da ke ƙarƙashin murfin sama. To da ka san wannan sai ciwon mashin ya riƙa gaya maka inda yake. Nawa baya sulo sai da cok, yana mutuwa da an taɓa totur, kaga ƙaramin jet kenan. Yana zubar da mai, kaga fulota da allurarta kenan, su ne masu tsayar da mai in kwano ya cika.

Haka kuwa aka yi. Ƙananan jet ɗin lamba 40 ne, ramin bai kai rabin milimita ba, na ɗaga su saitin rana ɗaya bayan ɗaya, uku a toshe ɗam ko haske baya wucewa, na huɗun ma da ƙyar. Na jiƙa su da duk sauran kayan tagulla a ruwan wanke kafireta na gwangwani suka kwana. Da safe na zare silin waya ɗaya daga tsohuwar wayar wuta, jan ƙarfe ne mai laushi baya cin tagulla, na bi ramukan a hankali har da ƙananan ramukan gefe na bututun da allura ke shiga, su ma ana manta su kuma su ke haɗa mai da iska. Allurar ɗinki ko wayar burki kuwa ƙarfe ne mai tauri, sau ɗaya zaka tura ka faɗaɗa ramin, kuma in ya faɗaɗa ya tafi kenan, shan mai da baƙin fulogi har ranar da ka sayi sabo.

Kafin in fesa komai a jikin kafiretar sai da na cire robobin saman nan huɗu na ajiye su gefe a inuwa, don ruwan gwangwanin nan yana kumbura roba ya lalata ta, kuma samun ta a nan sai an sha wuya, sai dai ka sayi wata kafiretar gaba ɗaya ka cira. Na ɗaga kowace a haske ina ɗan ja a hankali ina neman huda, alhamdulillahi duka lafiya. Sukurun sulo kuma kafin in kwance shi sai da na ɗaure shi a hankali har ya taɓa ƙasa ina ƙirga zagaye na rubuta, a hankali fa, don bakinsa siriri ne in ka matsa zai karye a ciki. Abin da na gani ya ba ni mamaki, ɗaya zagaye ɗaya da rabi, ɗaya kusan huɗu, sauran biyun a tsakani, wato wani ya taɓa bi yana murɗawa da ka. Kowane sukuru yana da sifirin da ɗan zoben ƙarfe da 'yar roba zobe ƙarama kamar ƙwayar gero, suna maƙalewa a cikin ramin, biyu daga cikin robobin nawa sun narke ma. Na fesa kowace hanya na tabbatar ruwan ya fito ta ɗaya ɓangaren, sannan na kai wajen mai faci ya busa min da iskar kwamfiresa.

Allurar fulota ta silinda na 2 ita ce mai zubar da man, bakinta na roba ya yi zobe ya ci, ga tsatsa ta maƙale a mazauninta. Wannan yoyon kada wanda ya raina shi, man yana iya gangarawa cikin silinda ya wuce ringi ya shiga baƙin mai ya tsinka shi, in ya taru da yawa a saman fiston kuma ka danna sitata zai iya lanƙwasa kwanrod, wato sandar da ke riƙe da fiston. Na shinshina baƙin man nawa naji fetur, don haka na juye shi na canza da filta. Kayan gyaran, allurai huɗu da gasket ɗin kwano da robobi, wani abokina ne ya sayo min a Ladipo a Legas ya sa a motar dare. Fulotar F3 roba ce gaba ɗaya babu ɗan harshen ƙarfen da ake lanƙwasawa, tsayinta milimita 13.7 ne, ka karkata kafiretar har fulota ta taɓa allura ba tare da ta danne ta ba sai ka auna, in bai yi daidai ba canzawa ake yi. Da sabbin allurai duka huɗun suka zauna daidai.

Tankin ma sai da na wanke shi, na zuba kananzir da ƙananan notina na yi ta girgizawa ina juyewa har ya daina fitar da ja, na sa sabuwar filtar mai kafin famfo. In ka wanke kafireta ka mayar da tanki mai tsatsa sati biyu zaka sake kwancewa. Filtar iska kuma da na duba ashe wanda ya riga ni ya yanke takardar ya liƙa soson katifa, a garin da hazo ke rufe rana wata uku a shekara. Ita ma na sa aka nemo ta asali. Robobin maƙogwaro biyu sun tsage ta ƙasa inda ido baya gani, ta nan iska ke satar shiga ta sa sulo yayi ta hawa da sauka, ina jin shi yasa mutumin yayi ta buɗe sukurun sulo yana neman rufe ɓarakar da mai. Na canza duka huɗun.

Baba yace kafin a daidaita kafireta a fara duba bawul, don in bawul ya matse zuƙar silindar zata canza kayi ta daidaita abin da ba zai zauna ba. Bawul 16 ne, na shiga milimita 0.16, na fita 0.22, injin a sanyi. Na auna da fila geji duka suna cikin iyaka, na ji daɗi don canza shim ɗinsu, wato 'yan faifan ƙarfen da ake daidaita tazarar da su, sai an ɗaga kamshaf.

Sai babban aikin, daidaita huɗun su riƙa buɗewa tare. Tun a tabarma na fara, na sa siririyar waya a ƙarƙashin faifan kowace na murɗa sukurorin tsakani har wayar ta riƙa wucewa da tauri iri ɗaya, wannan zai sa ya tashi ne kawai, ainihin daidaitawar sai injin yana aiki. Ba ni da agogon auna zuƙa, don haka na haɗa na gida, farin tiyo irin na ƙarin ruwa mai tsawon mita huɗu, na lanƙwasa shi biyu na ɗaure a jikin katako na zuba jan man giyar mota har rabi, kowane baki na jona shi a ramin zuƙa na silinda ɗaya. Wadda ta fi zuƙa sai man ya hau ta ɓangarenta. Na rataye gorar mai a ƙusa a maimakon tanki, na kunna janareta na saita fanka a kan lagireto don kada yayi zafi a tsaye. Ya tashi a bugu na biyu. Na bari ya ɗumama na saki cok, bai mutu ba, na tsaya ina kallonsa kawai na ɗan lokaci.

Akwai kafireta ɗaya da ba a taɓawa, ita ce uwa, sauran ake kawowa su yi daidai da ita. Aikin yana son haƙuri don tiyon nan ya fi agogo jin motsi, ka murɗa sukuru kamar kaurin farce sai kaga man ya ruga sama, kuma nauyin sukundireban kansa yana canza karatun, sai ka murɗa ka ɗaga hannu ka ɗan buga totur ka jira ya zauna sannan ka duba. Sau biyu man ya kusa shigewa injin na kashe da sauri. Na fi awa biyu a kai. Amma abin da ba zan manta ba shi ne yadda ƙarar take canzawa, da farko akwai wani kaf-kaf-kaf daga wajen kuloci kamar wani abu ya kwance a ciki, ashe rashin daidaiton ne yake sa kowace silinda tana ja nata, ina matsowa daidai ƙarar tana raguwa har ta ɓace, sulo ya hau da kansa na dawo da shi juyi 1,200 a minti allurar agogo ta tsaya cak. Baba yana zaune a kan benci da carbinsa bai ce komai ba tun da aka fara, sai a lokacin yace to yanzu suna magana da baki ɗaya.

Sukurun sulo na mayar da su duka zagaye ɗaya tun a tabarma, sannan na bi su ɗaya-ɗaya da injin a zafi ina saurare, inda juyin ya fi tashi ya kuma yi santsi nan na bari. Alamar da nake bi mai sauƙi ce, in ka buga totur ka saki juyin ya rataye a sama ya daɗe kafin ya sauko to mai yayi kaɗan ko iska na satar shiga, in kuma ya faɗo ƙasa da sulo kamar zai mutu sannan ya farfaɗo to mai yayi yawa. Babban jet da allura ban canza ko ɗaya ba, salansata ta asali ce, akwatin iska na asali, to me zan canza. Masu sa buɗaɗɗiyar salansa su ne suke da dalilin ƙara jet, su ma mataki ɗaya-ɗaya ana gwadawa, kuma a kula lambar Keihin da ta Mikuni ba ma'auni ɗaya bane, 135 na wannan ba shi ne 135 na wancan ba, a kasuwa kuwa a gwangwani ɗaya ake zuba su. Wani ɗan ƙungiyarmu da ke Jos yana yawan cewa nasa yafi shan mai a can, kuma da gaskiyarsa, Jos ta haura mita 1,200 a sama Kano kuwa bata kai 500 ba, iskar can ta fi sirantaka don haka man yana ɗan yin yawa, dukda irin wannan kafiretar mai silaid ɗin zuƙa tana rage matsalar da kanta.

Washegari da sassafe na sa hular kwano da jaket na fita titin Zariya kafin manyan motoci su yi yawa. Daga sulo har sama babu inda yayi shakka, wajen juyi 7,000 ɗin nan da yake ɗan nutsewa tun ranar da na saye shi, wanda na ɗauka halinsa ne, babu shi, ya wuce sumul. Na je Kwanar Dangora na sha shayi na juyo. Da na dawo na bari ya huce na cire fulogi huɗun na jera su a kan buhun nan, duka kalar ƙasa-ƙasa kamar gasasshiyar gyaɗa, babu baƙi babu fari, na kai wa Baba har ƙofar gida ya juya su a tafin hannunsa ɗaya bayan ɗaya yace mayar da su. Yanzu ko sati biyu zan yi ban hau ba sai na kwance ɗan sukurun ƙasan kowane kwano na tsiyaye man a gora na juye wa Boxer, kuma na daina shan mai a galan. Abin da ya rage min shi ne shokin gaba na hagu da ya fara jiƙewa da mai, robobinsa suna hanya daga Legas.